Matsaya ta ƙi kamawa a GDB, shirin yana wucewa bai tsaya ba

Ɗan_Mabera:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina neman taimakonku a kan wata matsala da ta tsayar mini da aikin kammala karatu yau kwana 3 ke nan. Na rubuta shiri da C++ wanda yake lissafin buhunan albasa da ke shiga sito da waɗanda ke fita, da kuɗin ajiyar da kowane mai kaya zai biya, domin kawuna yana wannan sana'a kuma har yanzu a littafi yake rubutawa. Na raba aikin gida biyu: akwai babban shirin, akwai kuma laburaren lissafi da nake harhaɗawa daban, ya fito da sunan liblissafi.so. Ina aiki a kan Ubuntu 22.04 da GCC 11, wato manhajar da ke harhaɗa rubutun ya zama shiri, da GDB 12, wato manhajar bin sawun kuskure a cikin shiri.

Jefi-jefi jimillar kuɗin tana fitowa ba daidai ba, shi ya sa na so in kafa matsaya, wato wurin da shirin zai dakata in leƙa abin da ke cikinsa, a layi na 48 na lissafi.cpp. Idan na rubuta break lissafi.cpp:48, GDB takan ce ba ta san fayil mai wannan suna ba, sannan ta tambaya ko a bar matsayar tana jiran laburaren da za a ɗora nan gaba. Nakan amince, in kunna shirin, sai ya zarce har ƙarshe ba tare da ya tsaya ko sau ɗaya ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya nuna mini inda zan fara dubawa.

Bawan_Allah_Arkilla:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka sa -g lokacin harhaɗawa? Idan babu shi, GCC ba ya ajiye alamomin bin sawu a cikin fayil ɗin, kuma ba tare da su ba GDB ba ta da hanyar sanin wane layi ne na 48.

Ɗan_Mabera:
Na sa shi. A saman Makefile ɗina, wato fayil ɗin da manhajar make take bi wajen harhaɗawa, akwai CFLAGS = -g -O2, kuma na duba shi fiye da sau ɗaya.

Malam_Gwiwa:
Ɗan_Mabera, Allah ya ba da sa'a a wannan aiki. Kafin a shiga zato, ina so ka riƙe abu ɗaya, domin shi ne tushen kusan duk matsalolin irin wannan. GDB ba ta karanta rubutunka na C++ don ta gane shirin. Abin da take karantawa shi ne wani kundi da GCC yake rubutawa a cikin fayil ɗin da ya fitar, a tsarin da ake kira DWARF, kuma a cikin kundin nan akwai jadawalin da ke cewa layi kaza na fayil kaza ya faro daga adireshi kaza a ƙwaƙwalwar na'ura. Idan ka ce ta tsaya a layi na 48, sai ta buɗe jadawalin, ta samo adireshin, ta cire baiti ɗaya daga wurin ta adana, ta dasa 0xCC a madadinsa, wanda a furosesar Intel da AMD umarni ne na dakatawa. Idan babu jadawali, babu adireshi, kuma babu inda za ta dasa komai. Saboda haka tambayar da za ka yi ba ita ce ko ka rubuta -g a wani wuri ba, tambayar ita ce ko fayil ɗin da ke gudana a yanzu yana ɗauke da kundin.

Layin da ka kawo kuma ya riga ya nuna mini abu guda. CFLAGS na fayilolin C ne. Idan kana dogaro da ƙa'idojin da make yake zuwa da su, fayil mai ƙarewa da .cpp yana bin CXXFLAGS ne, ke nan -g ɗinka bai taɓa isa ga g++, mai harhaɗa C++ na GCC, ba. Ka sake harhaɗawa, ka zura ido ga layukan da make yake bugawa a allo, ka ga ko -g ya bayyana a cikinsu. Daga nan ka rubuta umarnin file liblissafi.so, ba a cikin GDB ba, ka faɗa mana abin da ya ce, ko ka yi readelf -S a kansa ka nemi sassan .debug_info da .debug_line.

Ɗan_Mabera:
Allah ya ƙara sani, Malam. Gaskiyarku ce, babu -g a layukan da make yake bugawa. Na mayar da shi CXXFLAGS, na sake yin make, amma sai ya ce babu abin da zai yi, komai yana nan daidai.

Ɗan_Illela:
Haka zai ce, domin make ba ya lura da cewa ka canja tutocin harhaɗawa. Lokacin fayil kawai yake dubawa: idan lissafi.o, wato abin da harhaɗawa ta fitar, ya fi lissafi.cpp sabunta, a wurinsa aiki ya ƙare. Ka yi make clean, ko ka goge duk fayilolin .o da hannunka, sannan ka sake.

Mai_Gyara_Gawon_Nama:
Maganar lokaci da Ɗan_Illela ya kawo ta tuna mini da abin da nake gani a shagona, kuma ina ganin ya dace ɗalibai su sani. Yawancin kwamfutocin da ake saye a nan na hannu ne, kuma ƙaramin batirin da ke riƙe agogon allon uwa yakan zo a mace. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini tasa yana cewa gyaran da yake yi a shirinsa ba ya tasiri, matsayarsa kuma tana faɗawa a layin da babu komai a cikinsa. Da muka duba ƙasan allo sai muka ga kwanan watan ya koma shekaru baya. Babban batirin ya lalace, to duk lokacin da aka ɗauke wuta kwamfutar ta mutu, agogon yakan koma baya, idan kuma babu intanet ba ya gyara kansa. Fayil ɗin da ya gyara yau sai ya ɗauki tsohon kwanan wata, make ya ga kamar .o ɗin ya fi shi sabunta, ya ƙi sake harhaɗawa. Shi yana kallon sabon rubutu, GDB tana bin jadawalin tsoho. Da agogon yana daidai, da GDB ta gargaɗe shi cewa rubutun ya fi shirin sabunta, amma a wannan hali ko gargaɗin bai fito ba. Batirin CR2032 muka canja, matsalar ta kau.

Ɗan_Mabera:
Na gode, agogona yana daidai. Na yi make clean na sake harhaɗawa, yanzu -g yana bayyana a kowane layi. Amma file liblissafi.so ya ce stripped, kuma readelf bai nuna wani sashe mai suna .debug ba.

Malam_Gwiwa:
To, an rubuta kundin, sannan wani ya yage shi a mataki na ƙarshe. Duba LDFLAGS ko layin da ke haɗa fayilolin .o su zama laburare. Idan ka ga -s a wurin, ko umarnin strip, ko install -s, ka cire shi.

Ɗan_Mabera:
Akwai -s a LDFLAGS, Malam. Makefile ɗin na samo shi ne daga wani aiki da muka yi a shekarar da ta wuce, ban taɓa tambayar amfanin wannan harafi ba. Na cire shi. Yanzu file yana cewa with debug_info, not stripped, kuma matsayar da na sa a main tana kamawa. Sai dai ta lissafi.cpp har yanzu ba ta kama ba, info breakpoints yana nuna ta a matsayin mai jira ko bayan shirin ya fara gudana.

'Yar_Runjin_Sambo:
Ni ba a Linux nake aiki ba, da Visual Studio nake rubuta manhajojin ofis, amma abin da Malam_Gwiwa ya bayyana shi ne dai abin da muke fama da shi, sunaye ne kawai suka bambanta. A wurinmu kundin ba ya zama a cikin shirin, yana fita ne a fayil na daban mai ƙarewa da .pdb. Idan ba a same shi ba, jan ɗigon matsayar yakan koma zobe marar ciki, kuma idan ka kai linzami kansa zai gaya maka cewa ba za a tsaya a nan ba domin ba a ɗora alamomin wannan fayil ba.

Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne, ba sunan fayil ake dubawa kawai ba. Kowace harhaɗawa tana sa lambar shaida a cikin DLL, wato laburaren Windows, da kuma cikin PDB, kuma idan lambobin ba su zo ɗaya ba Visual Studio ba ta karɓa, ko da ba ka canja harafi ɗaya a rubutunka ba. Na taɓa kai wa wani wurin aiki manhaja, bayan makonni ta fara mutuwa a hannunsu, na ɗauko rahoton mutuwar na dawo gida, sai na tarar na riga na sake harhaɗawa, PDB ɗin wancan zubi ya tafi. Tun daga ranar, duk zubin da zan miƙa wa mutane sai na ajiye PDB ɗinsa a folda mai kwanan wata.

Ɗan'uwa Ɗan_Mabera, abin da nake fara buɗewa a irin halin da kake ciki shi ne tagar Modules, domin tana nuna cikakkiyar hanyar kowane DLL da aka ɗora. Sau da dama nakan tarar ba wanda na harhaɗa ne yake gudana ba, wani tsohon kwafi ne a wata folda. Ina kyautata zaton GDB tana da makamancin wannan.

Malam_Gwiwa:
Tana da shi, Malama, kuma kin taɓo inda nake zargi. Ɗan_Mabera, ka rubuta start domin shirin ya tsaya a farkon main, sannan ka rubuta info sharedlibrary. Ka duba abu 2 a layin liblissafi.so: hanyar da aka ɗauko shi, da kuma ko akwai tauraro a gefen Yes. Tauraron yana nufin an ɗora laburaren amma ba shi da bayanan bin sawu. Tambayar da GDB take yi maka tun farko game da jira ba laifi ba ce, domin kafin shiri ya fara gudana ba a ɗora laburarensa ba tukuna. Laifin shi ne ta ci gaba da jira bayan an ɗora.

Ɗan_Mabera:
Akwai tauraro, kuma hanyar ita ce /usr/local/lib/liblissafi.so, ba foldar aikina ba. Yanzu na tuna cewa watanni 2 da suka wuce na kwafa shi can domin shirin ya daina ƙorafin bai ga laburare ba. Ke nan duk gyaran da na yi a lissafi.cpp tun lokacin bai taɓa gudana ba.

Ɗan_Illela:
Ka goge wancan kwafin, ka yi sudo ldconfig, sannan a cikin GDB kafin ka kunna shirin ka rubuta set environment LD_LIBRARY_PATH tare da hanyar foldarka. Nan gaba kuma ldd a kan shirin zai nuna maka wanda za a ɗauka tun kafin ka buɗe GDB.

Bawan_Allah_Arkilla:
Ni a ganina wannan wahala ta yi yawa a kan ƙaramin shiri. Da ya sa cout, umarnin buga rubutu a allo, a wurare 3 ko 4 ya buga ƙimomin, da tun shekaranjiya ya ga inda lissafin ya karkace. Mu da muke koyo, lokacin da za mu ɓata a kan kayan aiki ya fi wanda za mu ɓata a kan kuskuren kansa.

'Yar_Runjin_Sambo:
Ban yarda da wannan ba, ɗan'uwa, ko da yake ni ma ina buga ƙimomi idan ta kama. A wannan matsala musamman, da ya sa cout a cikin lissafi.cpp babu abin da zai fito a allo, tunda tsohon laburare ne yake gudana, kuma da ya shiga wani sabon ruɗani. Ƙin kamawar matsayar shi ne ya tona cewa watanni 2 yana gyara abin da ba ya aiki.

Bawan_Allah_Arkilla:
Rashin fitowar rubutun ma ai da ya nuna masa hakan, Malama. Amma na karɓi cewa info sharedlibrary ya fi saurin kai mutum ga hanyar fayil ɗin.

Injiniyan_Fadama:
Ina so in ƙara wani ɓangare ga bayanin Malam_Gwiwa, saboda masu aiki da ƙananan alluna kada su ɗauka ko'ina haka abin yake. Ina haɗa na'urar da ke kunna famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana ga masu noman rani a wajen Wurno da Goronyo, kuma da guntun furosesa STM32F103 nake aiki ta hanyar ST-Link da OpenOCD, na'ura da manhajar da ke haɗa allon da GDB. A can shirin yana zaune ne a ƙwaƙwalwar filash, wadda ba a iya canja mata baiti ɗaya cikin sauƙi kamar RAM, saboda haka ba a dasa umarnin dakatawa, sai dai a yi amfani da matsayar da aka gina a jikin furosesar. Wannan guntu yana da 6 kacal, kuma OpenOCD yakan faɗi adadin da zarar ya haɗu da allon. Na taɓa cika su ban sani ba, domin na bar tsofaffi a fayilolin da na rufe, sai ga shi ko taka layi ɗaya ya gagara, saboda wasu umarnan takawa su ma suna aron matsaya ta wucin gadi. Alamomina lafiya lau suke, gurbi ne ya ƙare. A kwamfutar tebur ma irin wannan matsaya 4 ce, kuma da su umarnin watch, mai sa ido kan canjin ƙima, yake aiki.

Ɗan_Mabera:
Alhamdu lillahi, matsayar ta kama a layi na 48. Allah ya saka wa kowa da alheri. Amma ga sabon abu: idan na yi next, alamar tana tsalle daga 48 zuwa 55, ta dawo 50, kuma print ragi, da na yi don ganin ƙimar ma'ajin ragi, yana ba ni optimized out maimakon lamba.

Malam_Gwiwa:
Wannan aikin -O2 ne da ke cikin tutocinka. Idan ka ce wa GCC ya gyara shiri don sauri, yana da 'yancin sauya jerin umarnai, ya narkar da ƙaramin aiki a cikin wanda ya kira shi, ya riƙe ƙima a rajistar furosesa na ɗan lokaci sannan ya ba wani gurbin. Jadawalin yana faɗin gaskiya, umarnan ne ba sa bin jerin layukanka. Ka mayar da shi -O0 ka sake make clean. Akwai kuma -Og, wanda ya shigo tun GCC 4.8 a 2013 domin a sami ɗan sauri ba tare da an ɓata bin sawu sosai ba, amma ni ga ɗalibi -O0 nake zaɓa, domin ko a -Og wasu ƙimomin sukan ɓace.

Malama_Minanata:
Ina bin wannan zance tun safe, kuma ina da tambaya a gefe. Duk lokacin da na buɗe GDB a sabuwar Fedora takan tambaye ni ko ta kunna debuginfod. Na amince sau ɗaya, sai datar da na saya ta ragu sosai kafin shirin ya fara. Shin dole ne?

Ɗan_Illela:
Ba dole ba ne, Malama. Alamomin laburaren tsarin ne take saukowa da su daga intanet, irin su libc da libstdc++, kuma wasunsu manya ne. Tana adana su a foldar .cache, ba ta sake sauke wanda ta riga ta samu. Idan kuskuren a rubutunki yake, ba ki bukatarsu. Ki sa set debuginfod enabled off a fayil ɗin .gdbinit, sai ranar da shirin ya mutu a cikin laburaren tsarin kuma kina son ganin abin da ya faru a ciki, ki kunna a inda kike da wadatar intanet.

Ɗan_Mabera:
Malam, na koma -O0, takawa tana tafiya layi bayan layi, kuma ina ganin kowace ƙima. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kuskuren ya ɓace. Na gwada da bayanan masu kaya 20, jimilla tana fitowa daidai. Da na mayar da -O2 na kunna ba tare da GDB ba, sai mutum 2 suka sake samun kuɗin da ya wuce hankali. Ko dai GCC ne yake da matsala?

Malam_Gwiwa:
Da wuya ƙwarai. A shekarun da na yi ina duba ayyukan ɗalibai, kuskuren da ke ɓuya a -O0 ya bayyana a -O2 kusan kullum yana komawa ga abu 2: ma'ajin da aka karanta kafin a zuba masa ƙima, ko rubutu da ya ƙetare iyakar jeri. Kada ka miƙa aikin a -O0 ka ce ya warke, domin ciwon yana nan, sa'a ce kawai ta sa gurbin ya zo da sifili. Ka sani kuma GDB tana kashe sauya adireshin da Linux yake yi wa shiri a kowane kunnawa, wannan ma yana sa wasu kurakurai su lafa a gabanta.

Bawan_Allah_Arkilla:
Ya harhaɗa da -fsanitize=address, zai nuna masa layin kai tsaye.

Injiniyan_Fadama:
Zai nuna idan ƙetare iyaka ne, amma ba ya kama ma'ajin da ba a zuba wa ƙima ba. Wannan aikin manhajar Valgrind ne, tare da --track-origins=yes domin ya faɗi inda ƙimar ta samo asali. Kada kuma a haɗa su a zubi ɗaya, kowanne a gwada shi daban. Kafin duka biyun, ni da zan fara da -Wall -Wextra tare da -O2, domin wasu gargaɗin GCC ba sa fitowa sai an kunna gyaran sauri. Sunan nan ragi da ka ambata ɗazu shi nake zargi. A ina ake zuba masa ƙima?

Ɗan_Mabera:
A cikin sharaɗi ne, Injiniya: idan buhunan mutum sun kai 50 ana yi masa ragi, kuma a nan kaɗai na zuba masa ƙima. A sama double ragi kawai na rubuta. Da na sa -Wall, GCC ya yi gargaɗi a kan wannan layin daidai. Na mayar da shi double ragi = 0, kuma ɗaya daga cikin mutum 2 ɗin lissafinsa ya daidaita. Na biyun har yanzu yana nan ba daidai ba, shi kuma buhunansa 64 ne, wato ya cika sharaɗin.

'Yar_Runjin_Sambo:
To akwai kuskure na biyu da ba shi da alaƙa da na farko. A wane irin ma'aji kake ajiye sunan mai kaya da ranakun ajiya? Idan jeri ne mai ƙayyadadden tsawo, ka gwada shawarar Bawan_Allah_Arkilla yanzu, domin nan ne take da amfani.

Malam_Gwiwa:
Ka gwada ta, sannan ka bar -g tare da -O2 a zubi na daban, tunda a can ne kuskuren yake fitowa. Ka sa matsaya mai sharaɗi, break lissafi.cpp:48 if buhuna == 64, domin kada ka taka mutum 19 kafin ka iso gare shi. Idan GDB ta ce ba ta ga buhuna a wannan wuri ba, ka ɗaga matsayar zuwa farkon aikin, inda ƙimar take shigowa. Ka turo mana abin da umarnan info locals da bt suka nuna a GDB, da kuma layukan da ke tsakanin 40 da 60.

Ɗan_Mabera:
Sunan yana cikin char suna[16] ne, kuma sunan wannan mutumin da laƙabinsa ya fi haruffa 16. An ɗauke wuta a unguwarmu kuma cajin kwamfutar ya kusa ƙarewa, amma da zarar na samu caji bayan Isha'i zan harhaɗa da -fsanitize=address in turo abin da ya fito tare da layukan da Malam ya nema.